Yadda iyayen yara masu galahanga a Kano za su sa a sako su cikin kasafin kuɗin jiha

Duk ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 don wayar da kai kan galahanga, lalurar da Turawa ke kira autism, za ka ga iyaye sun ɗinka shuɗin riguna, an yi tattaki, an ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Sai da na yi wannan sau uku kafin na gane kuɗin riguna da lemo kawai muke ƙonawa. A watan Afrilu kasafin shekarar ya riga ya fara aiki, wanda babu sunansa a ciki sai dai ya jira baɗi.

Farawa ake da takardar asibiti. Kowane yaro a kai shi likita ya duba shi ya rubuta rahoto. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa. A fara gwada masa kunne, domin yaro da yawa da ake cewa galahanga ce, ashe ji ne ba ya yi. Ni dai ba na rubuta sunan yaron da ba shi da takarda, ko ɗan ƙanwata ne.

Sai rajista, kuma a nan muka sha ƙasa. Karon farko da muka je wani ofis, mun tafi da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da lalurar. Jami'in ya saurare mu har muka kai aya, ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, na ji na duniya. A Gwale su nawa ne?" Muka kalli juna. Ko fayil ba a buɗe mana ba, kuma da gaskiyar mutumin.

Saboda haka a sayi littafi mai bango mai kauri. Kar a dogara da waya, ranar da aka sace ta aikin shekara ya tafi. Kowane yaro shafinsa: shekarunsa, unguwa, mazaɓa, ƙaramar hukuma, yana magana ko ba ya yi, an taɓa sa shi makaranta, an karɓe shi ko an dawo da shi gida. Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi kowacce amfani, don ita ke nuna inda gwamnati za ta sa hannu.

Wahalar ita ce mutane suna ɓoye yaran. Wani a ɗaki yake wuni saboda an ce iska ce, wani kuma tsoron kada a ƙi auren yayyensa ne. Namiji ba zai samu komai a ƙofar gida ba, maigida zai ce lafiya lau. Mata ne za su yi aikin, a wajen suna da biki da islamiyyar matan aure. Wata uwa sai an zo mata sau uku kafin ta ce, "Yaya, nawa ma haka yake." A sanar da mai unguwa tukuna. Hoto kuwa babu shi sam. Idan za a miƙa wa hukuma, adadi ake miƙawa, sunaye su zauna a littafi.

Buƙata ɗaya ake nema. Masu farawa sukan rubuta a gina katafariyar cibiya, a kawo likitoci daga waje, a riƙa biyan iyaye alawus. Irin wannan takarda aljihun tebur take kwana. Ni abin da nake gani shi ne aji ɗaya da malami mai horo a firamare guda a kowace daga ƙananan hukumomi takwas na cikin birni. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, don haka malaman ba sai an nemo su daga nesa ba. Makarantar Tudun Maliki an fi saninta da kurame da makafi, yaron nan kuwa koyarwarsa daban ce. A takardar a ambaci dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar ta-ɓaci da jihar ta ayyana kan ilimi a 2024. Shafi biyu sun isa, ba sai an biya lauya ba.

A kai ta da damina, lokacin da ma'aikatu ke haɗa nasu lissafin, kafin gwamna ya gabatar da kasafi a ƙarshen shekara: Ma'aikatar Ilimi, hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB), da Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsare. Kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya ku riƙe. Ɗan majalisar mazaɓarku ma a ba shi nasa, kuma idan majalisa ta kira jin ra'ayin jama'a kan kasafin, uwa ɗaya ta tashi ta yi magana.

Idan layin buƙatarku ya fito a kasafin, saura sakin kuɗi. Ku riƙa duba rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku a intanet, idan kun ga sifili a gaban layinku, ku ɗauki kwafin nan mai hatimi ku koma.