Yadda ake duba tsohuwar na'urar amsa-kuwwa ta jita kafin a kunna ta

Duk wanda ya taɓa goge kan rediyo mai kaset da auduga ya riga ya san rabin wannan aiki. Tsofaffin na'urorin amsa-kuwwa da makaɗan jita ke rububi, irin su Echoplex da Copicat da Space Echo da Echorec, rikoda ce da aka sa ta naɗi sauti ta kuma maimaita shi nan take. Kai ɗaya yana rubuta sautin jita a jikin zaren kaset, zaren ya ɗan yi tafiya, wani kan ya karanta, sannan a goge a sake. Ɗan jinkirin da ke tsakanin rubutawa da karantawa shi ne amsa-kuwwar da kunne ke ji.

Da farko, gane wace iri ce a gabanka, domin kowace da halinta. Copicat, wadda Charlie Watkins ya fito da ita a Landan a 1958, gajeren zare ne a fili yake zagaye ƙarƙashin kawunan karatu da ba sa motsi. Echoplex ta Amurka, ƙirar Mike Battle, zarenta na cikin ɗan akwati, kuma ana zame kai ɗaya gaba ko baya don sauya jinkiri. Samfurinta na EP-2 da bawul na gilashi yake aiki, EP-3 da ya zo a 1970 kuwa da taransisto. Space Echo RE-201 ta kamfanin Roland na Japan, ta 1974, doguwar igiyar zare ce a sake cikin wani ɗaki mai murfi, kawunan karatu uku, kuma gudun motar da ke jan zaren ake sauyawa. Ita kuwa Echorec ta kamfanin Binson na Milan a Italiya ba ta da zare sam. Faifan ƙarfe ne mai kauri yake juyawa, an naɗe gefensa da siririn ƙarfe mai riƙe maganaɗisu, kawunan karatu huɗu na kewaye da shi a samfurin Echorec 2. Ita David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd ya daɗe yana kaɗawa da ita.

Mataki na biyu, kada ka yi garajen soka ta a wuta. Juya bayanta ka karanta. Wadda aka yi don Amurka tana cin wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 120, ta kasuwar Japan 100, mu kuwa tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Ba taransifoma mai rage wuta, to hayaƙi za ka gani. Akwai kuma abin da taransifoma ba ya gyarawa: wutar Amurka bugu 60 take yi a daƙiƙa, tamu 50. Idan motar na'urar mai bin bugun wuta ce, za ta yi nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida, jinkirin ya ƙaru. Wannan ba lalacewa ba ce, sai dai ka san da shi. Masu bawul kuma suna riƙe wuta mai ƙarfin ɗaruruwan volt a cikinsu ko bayan an kashe, saboda haka cikin na mai gyara ne, ba na mai kiɗa ba.

Na uku shi ne tsafta, kuma nan ne mafi yawan ƙorafi ke ƙarewa. Cire zaren, ka tsoma tsinken auduga a sifirit, ka goge fuskar kowane kai har audugar ta daina fitowa da jan datti. Ka goge sandan ƙarfen da ke jan zare da duk inda zaren ke gogawa. Robar da ke matse zare kuwa, ruwa kaɗan da ƙyalle ya ishe ta, sifirit na busar da ita. Danna ta da farce: in ta yi tauri kamar dutse, ko ta narke tana danƙo, ta gama aiki, a nemi wata. A ƙasarmu zafin bazara da ƙurar hunturu su ne abokan gabar wannan roba, don haka a riƙa rufe na'urar in ba a aiki. Mai Copicat ya riƙa sassauta hannun da ke ɗaure zare bayan ya gama, kada zaren ya kwana a miƙe.

Echorec daban take. Kawunanta a jikin ƙarfe suke gogawa kai tsaye, shi ya sa gefen faifan ke son a goge shi a shafa masa ɗan mai mara kauri, ɗigo kawai. In ya bushe, kai da faifai su cinye juna, kuma faifan da ya yi tsatsa ko ya karce gyaransa sai gwani. Shawarata, kada ka taɓa kusoshin da ke saita kawunan. Na ga wanda ya murɗa ɗaya don gwaji, ya shafe mako yana neman inda take da farko.

Daga nan sai lissafi, mai sauƙi ne. Jinkiri shi ne tazarar kai zuwa kai a raba da gudun zare. A ce zare na gudun santimita 19 a daƙiƙa, tazarar kuma santimita 5.7, jinkirin zai zama kashi uku cikin goma na daƙiƙa. Kusan nan ne iyakar Echorec 2, wadda gudunta ɗaya ne ba ya sauyawa. Shi ya sa mai ita ke zaɓar haɗin kawuna da makunni mai matsayi 12, ya daidaita kiɗansa da na'urar. Mai Echoplex kuwa na'urar yake daidaitawa da kiɗansa.

Yanzu sa sabon zare irin nata, ka jona jita, ka sauke makunnin maimaita sauti ƙasa. Buga tsirkiya ɗaya ka tsayar da ita da tafin hannu. Ya kamata ka ji amsa ɗaya tsaf. Sai ka ƙara makunnin da ke mayar da sautin baya, wanda Roland ta rubuta wa Intensity. Kowace maimaitawa za ta fi ta baya dushewa, kaifinta na raguwa, domin kwafi ne na kwafi. In ka ci gaba da murɗawa, na'urar za ta kama kuka da kanta, irin kukan da masu haɗa kiɗan dub, wani reshen reggae, a Jamaika kamar Lee Perry suka mayar da shi salo. Rage lasifika kafin ka kai nan.

Saurari rawar sautin da kyau. Ɗan lilo kaɗan, kamar muryar tsoho mai waƙa, shi ne abin da ake biyan kuɗi a kansa, kada mai gyara ya ce zai kawar maka da shi gaba ɗaya. Amma in sautin na tuntuɓe a wuri guda duk zagaye, mahaɗin zaren ne ya lalace. In tsohon kiɗa na leƙowa ƙarƙashin sabo, kan gogewa ne bai yi aikinsa ba. In kuwa amsar ta fito a dushe tun ta farko bayan ka goge kawuna, duba fuskarsu da tocila: kan da zare ya ci har ya yi kwari, sai a kai shi a daidaita fuskar ko a sauya shi.