Kurakuran masu bin hanyoyin Tour de France a mota

Duk wanda ya saba kallon tseren keke na Tour de France a watan Yuli yana iya sha'awar ɗaukar mota ya bi tsaunukan da 'yan tseren ke hawa, kuma tafiya ce mai daɗi idan an shirya ta da kyau. Kuskure na farko shi ne zaton cewa hanyoyin a buɗe suke a kowane lokaci. Mashigar Galibier da ke tsaunukan Alps na Faransa, mai tsayin mita 2,642, da ta Iseran wadda ta fi ta tsayi, dusar ƙanƙara kan rufe su tun daga kaka, kuma galibi ba a buɗe su sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Gyaran shi ne a tsara tafiyar tsakanin ƙarshen Yuni da Satumba, a kuma duba halin hanya da safiyar ranar tashi.

Wasu kuma suna auna tafiyar da kilomita kamar a fili suke. Hawan Alpe d'Huez daga garin Bourg-d'Oisans bai kai kilomita 14 ba, amma yana da kwana 21 masu tsanani, ga masu keke a kowane lungu, waɗanda dokar Faransa ta ce a ba su tazarar mita ɗaya da rabi idan za a wuce su a wajen gari. Mashiga biyu a yini sun isa, kuma haɗa tsaunukan Alps da na Pyrenees, inda mashigar Tourmalet take, a cikin 'yan kwanaki wahala ce kawai, domin nisan da ke tsakaninsu ya kai tuƙin yini guda.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na gangara. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga ƙololuwa har ƙasa yana sa birkin ya yi zafi har ya daina kamawa, kuma sau da yawa ba ya ankara sai ya ji ƙauri. Abin da ya dace shi ne a sa giya ta biyu, injin ya riƙe motar, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana sannan a sake shi ya huce. Inda hanya ta ƙuntata, mai saukowa ne ke ba mai hawa hanya.

Masu son ganin tseren da idonsu su sani cewa hanyar tana sauyawa kowace shekara, ana bayyana ta a watan Oktoba, masaukai kuma nan da nan suke cika. Jami'an tsaro kan rufe tsauni sa'o'i da yawa kafin isowar 'yan tseren, wani lokaci tun jajibiri, don haka a isa da wuri, da tanki cike da mai, da ruwan sha, da rigar sanyi ko da ana zafi a ƙasa.