Babi na Shida: Aikin Hannu a Ajin Firamare da Darussan da Ke Cikinsa

Wannan babi an rubuta shi ne domin iyaye da masu taimaka wa malamai a aji, da duk wani babba da yake zama da yara 'yan shekara 6 zuwa 11 yana koya musu wani abu. Mutane da yawa suna ɗaukan zane da yanke takarda da ginin yumɓu a matsayin hutu tsakanin darasi da darasi, wato abin da ake bai wa yara idan sun gaji da lissafi. A gaskiya lissafin yana cikin takardar da yaron yake ninkewa, kimiyya kuma tana cikin ganyen da yake zanawa, sai dai ba za su fito fili ba sai babba ya san tambayar da zai yi da kuma lokacin da zai yi ta.

Wannan tunani ya daɗe a duniyar ilimi. Wani malami Bajamushe mai suna Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara da ya raɗa wa suna Kindergarten a shekarar 1840, ya sa ninke takarda da saƙa da ginin yumɓu cikin abin da yara suke yi kullum. A shekarar 1907 kuma Maria Montessori, wata likita 'yar ƙasar Italiya, ta buɗe gidanta na farko na koyar da yara a birnin Rum, inda ake yanka haruffa da samfefa domin yaro ya bi siffarsu da yatsa kafin ya fara rubuta su.

Mu fara da takarda, domin ita ce ta fi sauƙin samuwa, kuma ko wadda aka riga aka yi rubutu a kanta za ta yi. A ba kowane yaro falle ɗaya, a ce ya ninke shi gida biyu, bakin nan ya haɗu da bakin can, sannan ya buɗe ya ƙirga. Zai ga kashi 2. Ya mayar ya sake ninkewa, ya buɗe, zai ga kashi 4. A nan ne ya kamata babba ya dakata, kada ya bari a yi ninki na uku sai ya tambaya: "Idan muka ƙara ninkewa sau ɗaya, kashi nawa za mu samu?" Yara da yawa za su ce 6, saboda sun ga an tashi daga 2 zuwa 4, sun ɗauka biyu-biyu ake ƙarawa. Kada a gyara musu. A bar su su ninke, su buɗe, su ƙirga da yatsa har su kai 8, sannan a tambaye su abin da ya sa lissafinsu bai fita ba. Yaron da ya gano da kansa cewa kowane ninki yana raba kowane kashi gida biyu ya fahimci bambancin tarawa da ruɓanyawa, kuma idan aka tambaye shi ninki na huɗu, zai iya cewa 16 tun kafin ya taɓa takardar.

Daga nan sai aikin kala ya shigo. Yaro ya shafa ja a gida 4 daga cikin 8, ya shafa shuɗi a gida 2, sauran biyun ya yi musu adon da ransa yake so. Idan ya gama, a tambaye shi nawa ne jan ya ci daga cikin takardar. Zai ga da idonsa cewa huɗu bisa takwas rabi ne, biyu bisa takwas kuma rubu'i ne, abin da malami kan yi kwanaki yana bayani a kan allo. A sa shi ya rubuta wannan a bayan takardar cikin jimla cikakkiya, domin rubutu ma ya samu rabonsa.

Ninki guda kuma ya isa a yi malam-buɗe-littafi. A ninke takarda biyu, a zana rabin jikinsa a jikin ninkin, a yanka da almakashi mai dakusasshen baki, a buɗe. Ɓangaren dama zai fito daidai da na hagu, kuma wannan daidaito darasi ne a lissafin siffofi. Yayin da yara suke manna masa ƙafafu na zare, sai a gaya musu cewa ƙafafunsa 6 ne kamar na sauran ƙwari, fukafukansa kuma 4, gizo-gizo kuwa mai ƙafa 8 ba ya cikin wannan dangi.

Aiki na biyu na ganye ne, kuma yana bukatar a fita waje na ɗan lokaci. Kowane yaro ya tsinko ganye iri biyu, ɗaya mai faɗi, ɗaya na ciyawa. A kifa ganyen a kan tebur yadda bayansa zai kalli sama, domin a baya ne jijiyoyinsa suka fi tasowa, a ɗora takarda marar kauri a kai, a riƙe ta da hannu ɗaya kada ta motsa, sannan a kwantar da fensirin kala a goga a hankali. Siffar ganyen za ta riƙa bayyana kaɗan-kaɗan, da jijiyar tsakiya da ƙananan da suka fita daga jikinta. Kuskuren da aka fi yi shi ne dannawa da ƙarfi, wanda yake yaga takarda ya kuma ɓoye ƙananan jijiyoyin. Idan aka ajiye zanen biyu gefe da gefe, yara za su lura cewa jijiyoyin ganye mai faɗi sun bazu kamar raga, na ciyawa kuwa sun miƙe a jere daga tushe zuwa tsini. A nan ake bayyana musu cewa ta waɗannan jijiyoyi ne ruwan da saiwa ta sha yake isa ga ganye, ta nan kuma abincin da ganye ya haɗa da hasken rana yake komawa sauran jikin tsiro.

Haɗa launuka ba ya bukatar dogon bayani. Rawaya da shuɗi suna ba da kore, ja da rawaya suna ba da ruwan lemo, ja da shuɗi suna ba da shunayya. Abin da zai mayar da shi darasi shi ne awo: cokali 2 na rawaya da cokali 1 na shuɗi a kofi ɗaya, a juya adadin a kofi na biyu, yara su kwatanta koren biyu su rubuta abin da suka gani.

Aikin inuwa kuwa sai an ba shi yini guda, amma a ganina babu wanda ya kai shi riba. Da misalin ƙarfe 9 na safe yaro ɗaya ya tsaya a fili, a zagaye tafin ƙafarsa da alli, abokinsa kuma ya bi gefen inuwarsa ya zana ta a ƙasa. Da tsakar rana ya koma ya taka wurin nan dai, a sake zanawa da alli mai wani launi, haka kuma da ƙarfe 3 na yamma. Za a ga inuwar safe ta yi tsawo ta nufi yamma, ta tsakar rana ta gajarce, ta la'asar ta juya gabas. A auna kowace da zare, a ɗora zaren a kan rula, a rubuta tsawon. Yara sun san gabas da yamma ke nan, sun yi awo, kuma an sami hanyar gaya musu cewa juyawar duniya ce, sau ɗaya cikin awa 24, take sa mu ga kamar rana tana tafiya. A gargaɗe su tun farko kada kowa ya kalli ƙwayar rana kai tsaye, domin tana lalata ido.

Wajen liƙa ayyukan a bango, kada a zaɓi masu kyau kaɗai, domin takardar da kalarta ta zarce layi tana iya kasancewa ta yaron da ya fi kowa fahimtar rubu'i. A liƙa na kowa, da sunansa da kwanan wata a ƙasa. Bayan mako guda a sauke su a zuba na kowane yaro cikin aljihun kwali nasa, yadda idan zango ya ƙare za a jera su bisa kwanan wata, shi da iyayensa su duba daga na farko zuwa na ƙarshe.