Darasi na Bakwai: Takardunka da Haƙƙinka Idan Ambaliya Ta Zo

A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa a Maiduguri. Mutane sun fita da rigar jikinsu kawai. Da ruwa ya janye, sai wata wahala ta biyo baya: takardar fili ta jiƙe ta dagargaje, katin shaida ya tafi, maigida ya rasu, banki kuma ya ce sai an kawo shaida. A nan ne taimakon lauya kyauta yake da rana.

Kafin damina

Ka tara takardun gida wuri ɗaya: takardar mallakar fili, takardar ciniki mai sa hannun shaidu, rasiɗin haya, takardun haihuwar yara da lambar NIN. Ka saka su a leda biyu, ka ƙulle baki, ka sa a robar fenti mai murfi, ka rataye ta kusa da rufi. Ƙarƙashin katifa da akwatin ƙarfe a ƙasa su ne wurin da ruwa ke fara kaiwa. Ka ɗauki hoton kowace takarda da waya, gaba da baya, yadda hatimi da lamba za su fito sarai. Ka tura wa ɗan'uwanka da ke wani gari, domin wayar ma tana faɗawa ruwa.

Gonar da aka ba da aro ko jingina da fatar baki, a rubuta ta yanzu. A sa sunan mai gona, sunan wanda ya karɓa, kuɗin da aka bayar, maƙwabtan gabas, yamma, kudu da arewa, da shaidu biyu, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu. Ambaliya tana share iyaka, ta tumɓuke gamba da itatuwan da aka sani a matsayin alama. Idan dattijon da ya san iyakar ya rasu, rigima ta tashi ke nan.

Bayan ruwa ya janye

Kada ka fara kwashe ƙasa sai ka ɗauki hoton ɓarnar, har da zanen da ruwa ya bari a jikin bango. Ka tabbata an rubuta sunanka daidai a rajistar hukumar agajin gaggawa, SEMA ta jiha ko NEMA ta tarayya, yadda yake a katinka. Harafi ɗaya da ya bambanta yana iya hana mutum tallafi. Kayan agaji ba na sayarwa ba ne, ba a kuma biyan ko sisi don shiga rajista.

Idan takardar fili ta ɓata, ka fara da ofishin 'yan sanda su ba ka takardar rahoto. Daga nan ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka faɗi lambar fili, unguwa, da yadda takardar ta salwanta. Sai ka kai su ofishin filaye, kamar BOGIS a Borno ko KANGIS a Kano, ka nemi kwafi mai hatimin ofis. Galibi za a ce ka buga sanarwa a jarida. Ka je da ƙafarka, ka karɓi rasiɗin duk abin da ka biya. 'Yan tsaye a bakin kotu sukan kawo takardar rantsuwa ta jabu, ranar da ake buƙatarta a ƙi karɓa. Lambar NIN kuwa, idan ta ɓace maka, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi.

Rasuwa da gado

Wannan ya fi komai nauyi, kuma mata da marayu ne aka fi cuta a cikinsa. A karɓi takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kada a raba komai a zaure cikin gaggawa, a kai kotun Shari'a. Ana fara biyan kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, sannan gado. Matar mamaci tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, idan ya bar 'ya'ya, ko rubu'i, kashi ɗaya cikin huɗu, idan bai bari ba. Ba wanda ke da ikon fitar da ita daga gidan tana takaba. Idan uba da ɗa sun rasu tare a ruwa, ba a san wanda ya riga ba, a mazhabar Malikiyya ba sa gadon juna.

Wanda ruwa ya tafi da shi ba a ga gawa ba, dangi ba sa yanke cewa ya mutu. Matarsa ta kai magana gaban alƙali, shi ne zai duba yanayin ɓatan ya sa lokacin jira. A babbar kotu, Dokar Shaida ta 2011 tana ɗaukar mutum ya rasu bayan shekara bakwai ba labarinsa.

Ina za a je?

Hukumar Legal Aid Council, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a babban birnin kowace jiha. An yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024. Suna ba da shawara, su yi sulhu, su tsaya wa mutum a wasu ƙararraki. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana taimaka wa mata da yara. Idan jami'i ya danne maka tallafi, ka kai kuka Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, kyauta ne.

Idan gwamnati ta ce a tashi daga hanyar ruwa, Dokar Filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, amma mai haƙƙin mallaka yana da diyyar gini da amfanin gona. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwafi in kai wa lauya tukuna."

Aikin gida: rubuta sunayen takardu biyar da ke gidanka, da maƙwabta huɗu na gidanka ko gonarka, ka kawo aji mako mai zuwa.