Darasi na 9: Numfashi da Natsuwa ga Mai Ciwon Ɓarin Kai

Ciwon ɓarin kai daban yake da ciwon kan gajiya. Yakan kama gefe ɗaya yana sara, zuciya na tashi, mai shi ba ya son haske ko hayaniya. Yakan yi awa 4, wani lokaci har kwana 3, kuma ya fi kama mata.

Rashin barci, yunwa, ƙishirwa, zafin ranar bazara, hayaƙin murhu da zuwan al'ada duk suna tayar da shi. Haka ma damuwa, kuma a nan ne numfashi yake da amfani. Mai damuwa numfashinsa sama-sama ne, wuyansa a sandare. Idan aka ja numfashi a hankali, bugun zuciya yakan lafa, jiki ya saki.

A samu wurin da ba hayaniya. Bayan sallar asuba ya fi, kafin yara su tashi. A zauna a kan tabarma, a jingina da bango, a ɗora hannu a kan ciki. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga 1 zuwa 4, har a ji ciki ya ɗaga hannun. A fitar da ita ta baki sannu-sannu ana ƙirgawa zuwa 6. Tunanin cefane ko na bashi zai faɗo, dole ne. Kada a bi shi, a koma ƙirga. Minti 10 ya isa. Idan an ji jiri, a dakata.

Kullum ake yi, har ranar da kai yake lafiya lau. Wanda ya jira sai ciwo ya kwantar da shi ba zai ga amfanin kirki ba.

Wannan taimako ne ga magani, kada a ajiye wanda likita ya rubuta. Amma shan ƙwayar ciwon kai kusan kullum daga kemis shi ma yana jawo ciwon kai.

Idan ciwon ya zo farat ɗaya da tsanani, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko baki ya karkace, ko mai juna biyu ce ƙafafunta sun kumbura, a garzaya asibiti mafi kusa nan take.

Aikin gida: rubuta ranar da ciwon ya tashi, da abin da aka ci, da awa nawa aka yi barci. A tafi wa likita da takardar.