Yadda ake amfani da abin wuya na horo ga ƙaramin kare, da lokacin da ya dace a fara

Kwikwiyo ɗan wata 4 da ke jan igiya har yana tari ba taurin kai yake yi ba, babu wanda ya taɓa nuna masa inda ake so ya tsaya ne. Abin wuya na horo ba ya koyar da komai, iyakarsa ya tuna wa kare abin da ya riga ya sani. Idan aka matse wuyan karen da bai san ma'anar "zo" ba, abin da kawai zai gane shi ne wuyansa na ciwo duk lokacin da mai shi ya buɗe baki.

Yaushe ake farawa

Kafin wata 6 a ajiye batun gaba ɗaya. Daga mako 3 zuwa kamar 12 kwikwiyo ke sabawa da mutane da dabbobi da hayaniya, kuma tsakanin mako 8 da 11 tsoro na saurin kama shi. Abin da ya firgita shi a wannan lokaci yakan bi shi har girma. Ga shi guringuntsin maƙogwaronsa bai yi ƙwari ba tukuna. Hatta kamfanonin da ke ƙera abin wuya na lantarki, wanda ke ba kare ɗan jan wuta a wuya, galibi suna rubuta cewa kada a sa wa karen da bai kai wata 6 ba. A waɗannan watanni, abin wuya mai faɗi na yau da kullum ko ɗamarar ƙirji, da igiya, da ɗan abin taunawa na lada, su ne kayan aiki.

Cika wata 6 ma ba shi ke nan ba. Karnuka da yawa suna sake shiga wani lokacin tsoro tsakanin wata 6 da 14, ka ga kare yana ja da baya daga abin da jiya ya wuce ta gefensa bai ko kalla ba. In yana cikin wannan hali, a jira ya fita. Sannan a gwada shi a wuri marar hayaniya: a ba shi umarni sau 10. Idan bai bi aƙalla sau 8 ba, koyarwa ce ba ta zauna ba, a koma ga lada.

Akwai karnukan da ba a matsa musu wuya ko da sun girma: masu gajeren hanci irin su buldog, ƙananan jinsi da bututun numfashinsu ke saurin lotsawa, da masu ciwon hawan ruwan ido, domin matsi a wuya yana ƙara matsin cikin ido. Haka kuma kare mai tsoro ko mai gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma in aka hukunta shi a kansa, zai iya daina gargaɗin ya wuce kai tsaye ga cizo. Wannan aikin likitan dabbobi ne ko ƙwararren mai horo.

Wanne za a zaɓa

A fara da mafi sauƙi. Ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba tana juyo da kare gefe idan ya ja, ba ta taɓa wuya. Ragamar kai, wadda ke zagaye hanci da bayan kunne, tana aiki irin ragamar doki, amma ba a fizgarta. Sai matingel, abin wuya mai madauki biyu da ke tsukewa zuwa wani iyaka ya tsaya. Ga mafi yawan karnuka masu tasowa, a nan ya kamata a tsaya.

Sarƙar zarge ba ta da iyakar tsukewa, shi ya sa ta fi dukkansu haɗari a hannun sabon shiga. Mai haƙoran ƙarfe da na lantarki kuwa a duba doka tukuna. Wales, wani yanki na Birtaniya, ta haramta na lantarki tun 2010, Jamus ma ba ta yarda da shi ba. Wani bincike na Jami'ar Lincoln a Ingila da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa karnukan da aka horar da lada sun fi saurin amsa kira a kan waɗanda aka horar da na lantarki. Duk wanda zai yi amfani da shi ya san da wannan.

Yadda ake ɗaurawa

Rauni yakan fito daga nan. Abin wuya mai faɗi, yatsu biyu su shiga tsakaninsa da fata. Matingel a daidaita shi a saman wuya, daf da bayan kunne, yadda idan aka ja igiya ya tsuke, ƙarafan gefe biyu ba za su haɗu ba, a bar tazarar yatsu biyu. In sun haɗu ya yi sako-sako, kare zai zame kansa ya fita.

Sarƙar zarge, idan kare zai yi tafiya a hagunka, ka tsaya gabansa ka riƙe ta da siffar harafin P sannan ka zura masa. Da haka take sakin kanta da zarar igiya ta yi laushi. Aka juya ta, sai ta tsuke ta ƙi saki. Mai haƙora ba a zura shi ta kai, ɓalle ɗaya daga cikin ƙarafan ake yi a ɗaura, ya zauna sama a bayan kunne. Wanda ya sauko gindin wuya yana lilo shi ke sa mutum fizga da ƙarfi.

Na lantarki, ƙarafansa biyu su ratsa gashi su taɓa fata, yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashin madaurin. Kada ya wuce awa 12 a wuya a rana, kuma a riƙa gusar da shi kowace awa ɗaya zuwa biyu. Gyambon da ake gani a wuya ana cewa ƙuna ce, yawanci matsin ƙarafan ne a wuri ɗaya tare da gumi da datti. Ba a ɗaura igiya a jikinsa, a sa wani abin wuya daban domin igiya. Kwikwiyo na girma da sauri, don haka a sake auna wuya kowane mako.

Matakan horo

Kwanaki 5 zuwa 7 na farko a sa masa abin wuyan ya yi wasa, ya ci abinci, ba tare da an yi amfani da shi ba. In na lantarki ne a bar shi a kashe. Aka tsallake wannan, kare zai gane cewa biyayya ta ranar da aka sa abin wuya ce kawai.

Bayan nan a ɗauki hali ɗaya tak, misali jan igiya. A wuri shiru, igiya na lilo, ka fara tafiya. Da ya wuce gaba igiya ta fara miƙewa, ka faɗi kalmar umarninka sau ɗaya, ka ba shi daƙiƙa ɗaya. Bai juyo ba, sai ka ɗan ja igiya da wuyan hannu zuwa gefe, ka saki nan take. Sakin shi ne darasin. Ja mai tsawo kuwa yana sa kare ya ƙara turjewa, haka jikinsa yake, in aka ja shi baya sai ya danna gaba. Da ya juyo, ka yaba masa ka ba shi lada a daidai gefen ƙafarka, inda kake so ya riƙa tafiya.

Lokaci shi ne komai. Gyaran da ya zo bayan daƙiƙa biyu, kare zai danganta shi da abin da ke gabansa a lokacin. Idan yaro yake kallo ko wani kare, su zai ɗora wa laifin ciwon, daga nan ƙiyayya ke farawa.

Ga na lantarki, a fara da ƙara ko girgizar da abin wuyan ke yi. Idan za a kai ga lantarkin, mai kare ya fara gwadawa a hannunsa, sannan a fara daga mataki mafi ƙasa ana hawa ɗaya bayan ɗaya har a ga alama ƙarama: kunne ya motsa, ko ya waiwaya kamar ƙuda ya sauka masa. Nan ne matakinsa. Ya yi ƙara ko ya zabura, an wuce gona da iri. Koyar da kira kuma da doguwar igiya ake yi, mita 5 zuwa 10, domin a nuna masa inda zai nufa.

Kowane zama minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana. Da an gama a cire sarƙa ko mai haƙora. Ba a barin kare da su a keji ko wajen wasa da wani kare, domin zobe kan maƙale ya shaƙe shi.

Alamun a dakata

Wutsiya a matse tsakanin ƙafafu, lasar leɓe, hamma ba barci, kwantar da kunne, ko ya ɓuya idan ya ga an ɗauko abin wuya. Tari bayan tafiya ko canjin muryar haushi kuwa sai likita ya duba maƙogwaro. Idan ana gyara fiye da sau uku a kan abu ɗaya a zama guda, bai fahimta ba ne, ƙara ƙarfi ba zai fahimtar da shi ba. A koma wuri mafi shiru, a rage nisa, a ƙara lada.

Idan ya yi mako biyu yana bin umarni ba tare da an taɓa igiya ba, a mayar da igiyar kan abin wuya mai faɗi, na horon yana wuyansa ba a amfani da shi. Bayan wani mako a cire shi, a fara gwaji a cikin gida kafin a fita titi.