Yadda 'yan unguwa da masu sana'a za su haɗa kai kan shara kafin damina

Kwatar da ta bi ta ƙofar gareji ita ce dai ta bi ta ƙofar gidanka ta gangara Kogin Kaduna, kuma da ruwan kogin nan 'yan lambu ke ban ruwan alayyahun da muke saya. To aikin nan ya fi ƙarfin hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, wato KEPA, ita kaɗai, mai kamfani da bakanike da maigida kowa da nasa kason.

A fara da zama, amma mai unguwa za a samu ya kira, liman da fasto su yi sanarwa. A gayyato masu gidan fiya wata da masu buga bulo da 'yan katako da shugaban kanikawa, kuma don Allah kar a manta da 'yan gwangwan, su suka san abin da ke da kuɗi a bola fiye da kowa.

A wajen zaman kowa ya faɗi abin da yake zubarwa, nan za ku ga sharar wani jarin wani ce. Leƙa kasuwar Tsohuwar Panteka da ke Kaduna ka ga yadda ake narka gwangwanin lemo da tsohon alminiyom a fito da tukunya sabuwa fil. Garin katako masu kiwon kaji na nema don shimfiɗa, kashin kajin kuma taki ne a lambu, robobi da ledar fiya wata ana sayensu a kilo, abin da ya rage kawai a haɗa mai zubarwa da mai saye su karɓi lambar juna tun a wurin.

Baƙin mai shi ya fi damuna wallahi. A ajiye duro ɗaya a kowane gareji a riƙa juyewa ciki, kar a tuttula a kwata. Tsohon batir kuma kar a bar yara su fasa, akwai dalma da asid a ciki.

Yasar kwata a yi ta cikin Afrilu kafin ruwa ya zauna, a faro daga gangare a hauro. Matasa su kawo ƙarfi, masu gida su kawo shebur da baro, mai kamfani ya ba da tifa a kwashe a ranar, don in aka tara ƙasar a bakin kwata ruwan farko zai mayar da ita ciki. Kuɗin da aka tara a rubuta a littafi, mutum biyu su riƙe.

Manyan masana'antu irin na Kakuri da Kudenda kuwa takarda za a rubuta musu da sa hannun mai unguwa, a tambayi yadda suke tace ruwansu kafin su sake shi. In ana ganin ruwa mai launi ko wari, a ɗauki hoto da kwanan wata a kai wa KEPA ko NESREA, wato hukumar tarayya mai kula da bin dokokin muhalli, a kuma ajiye kwafin takardar.